Keken hawan dutse

Keken hawan dutse wani nau'in keke ne da aka ƙera don hanyar da ba kwalta, wato burji, labi, gangare da duwatsu. Ana gane shi da faffaɗar taya mai haƙora, da miƙaƙƙen kai, da giya masu yawa, galibi kuma akwai shokazoba a ƙafar gaba. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa yawanci keke mai giya kawai ake ce masa, don a bambanta shi da irin su Raleigh da Phoenix da iyayenmu ke ɗaura wa buhu ran kasuwa.

Asalinsa

A shekarun 1970 ne wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna da suka yi wa kwaskwarima. A cikinsu akwai Gary Fisher da Joe Breeze, wanda ya ƙera keke musamman don wannan wasa a 1977. Kamfanin Specialized ya fito da kekensa mai suna Stumpjumper a 1981, daga nan abin ya shiga kasuwa sosai, a 1996 kuma aka saka wasan cikin gasar Olamfik a Atlanta.

Zaɓen na farko

Iri biyu ne manya, akwai mai shokazoba a gaba kawai, akwai mai gaba da baya. Ga wanda yawon shan iska zai riƙa yi da yamma ko zagayen gonaki, mai gaba kawai shi ne daidai, ya fi sauƙin kuɗi ya fi rashin nauyi kuma abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne. Mai gaba da baya na gaske tsada gare shi ƙwarai, wanda kuma za ka gani da araha da ƙaton sifirin a tsakiya yana ƙyalli, gaskiya ado ne kawai, nauyi gare shi, kana taka feda yana lotsawa yana shanye maka ƙarfi, in ya kwana biyu sai ƙara da girgiɗi. Abin yana min ciwo in ga yaro ya tara kuɗin gyaɗarsa ya je ya zuba a irin wannan.

Sai girma, wanda ya fi launi da sunan kamfani muhimmanci. Ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ya zama akwai tazara tsakaninka da sandar sama. In ka hau sirdi ka kai feda can ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. In sai ka miƙe kafaɗa kafin ka kamo kai to ya yi maka girma, komai arharsa ka bar shi.

Ƙafar keken inci 26 ce, ko 27.5, ko 29. Mai 29 ta fi haye rami da tsakuwa cikin sauƙi, amma 26 ita ce daɗaɗɗiya kuma tayarta da tif ɗinta sun fi samuwa. Kafin ka biya ka tambayi mai gyaran keken garinku me yake iya samowa, don ba daɗi taya ta fashe a ce sai an shiga birni. Haka birki, na faranti mai aiki da mai ya fi kamawa musamman a taɓon damina, amma in ya sha iska ko ya fara yoyo ba kowa ke iya masa ba, mai waya kuwa ko na faranti ko na roba mai matse rim a gindin bishiya ma an gyara shi. Bodin alminiyam ba nauyi ba tsatsa, sai dai in ya tsage ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba, na ƙarfe kuwa ana yi masa walda ko ina. A duba bawul ma, akwai siriri akwai mai kauri irin na babur, mai kaurin shi ne ke shiga famfon masu faci.

Yanayin ƙasarmu

Akwai duwatsu a Dutse, Birnin Kudu, Kazaure, Rano da wajen Riruwai, amma mafi yawan ƙasar shimfiɗe take, abin da ke ba mai keke wahala shi ne rairayi da ƙaya. A jigawa siririyar taya nutsewa take yi, don haka a nemi mai faɗin inci biyu ko fiye, a ɗan rage iska, a sa giya mai sauƙi tun kafin a shiga yashin, a kuma mai da nauyi baya don kar ƙafar gaba ta cake. Amma kar a rage iskar da yawa, in rim ya daki dutse tif zai huje. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa kuwa ba sa raga wa taya, dole a riƙa tafiya da kayan faci da ɗan famfo. Da hunturu ƙura kan manne a sarƙa ta haɗu da mai ta riƙa cin haƙoran giya, shi ya sa goge sarƙa da tsumma a ɗiga mai kaɗan ya fi a lafta mata baƙin mai.

Na hannu

Da yawa na gwanjo suke saya, kuma tsohon keke mai kyau ya fi sabon banza. Ka ɗaga ƙafa ka juya ta ka ga ko rim na rawa, ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuya na kaɗawa, ka duba wajen walda ko akwai tsaga, sannan ka hau ka bi giya ɗaya bayan ɗaya. In kayan giyar na kamfanin Shimano ne ko SRAM alama ce mai kyau, ko da yake akwai jabu. A kuɗin da aka ware a bar na hular kwano, wadda za ta zauna daram a kai ba ta zamewa, a ɗaure maɗaurinta a ƙarƙashin haɓa.