Katifa da Abin da Ke Ƙarƙashinta: Tambayoyin da Masu Saye Suka Fi Yi

Katifa mai kauri ita ce mai kyau?

A'a, kuma nan ne mafi yawan masu saye ke faɗawa, musamman a sayayyar kayan ɗakin amarya, inda ake son 'yan ganin ɗaki su ga katifa ta tashi inci 18 ko 20. Kauri na ido ne. Abin da ke sa katifar soso ta daɗe shi ne nauyin soson, wato kilo nawa ke cikin kowace mita guda tsawo, faɗi da zurfi. Soson da bai kai kilo 20 ba a wannan ma'auni mai arha ne, da wuri yake mutuwa. Na kilo 25 zuwa 30 ya fi jure kwanciyar manya kullum.

Ana iya gwada wannan da sikeli. Katifa shida da shida mai kaurin inci 10, idan sosonta na kilo 18 ne, za ta auna wajen kilo 15. Idan na 30 ne, za ta kai kilo 25 da ɗoriya. Girma ɗaya, yadi ɗaya, amma ɗayar mutum zai ɗaga ta da hannu guda, ɗayar sai ya yi nishi. Sai dai nauyin ma ana yi masa algus: wasu masu haɗa soso suna zuba garin alli a ciki don ya yi nauyi, irin wannan kuwa bayan ɗan lokaci sai ya fara marmashewa. Don haka a haɗa da gwaji na biyu. Ka dafa gwiwarka a kai da duk nauyinka, ka ƙirga goma, ka ɗaga. Soso mai kyau nan take yake dawowa, ba ya barin gurbi. A duba tambari da takardar garanti kuma, domin manyan sunaye irin su Vitafoam da Mouka ana yin jabunsu.

Mai ciwon baya, katifa mai tauri kamar dutse zai saya?

Haka ake ta faɗa, amma ba haka ba ne ga kowa. Wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2003, ya nuna waɗanda suka kwana a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu kwana kan mai tauri sosai.

Dalilin a fili yake. Idan mutum ya kwanta a gefe, kafaɗa da ƙugu ne suka fi fitowa. Katifa mai tsananin tauri ba ta barin su su nutse, sai ƙashin baya ya lanƙwashe, a tashi da safe hannu ya mutu. Mai laushi da yawa kuma ƙugu ne ke zurmawa, mutum ya kwana a naɗe kamar a cikin kwarya. A shago, kada ka tsaya kan latsawa da yatsa. Ka cire kunya ka kwanta yadda ka saba barci, minti goma. Idan rigingine kake, tura tafin hannunka ƙarƙashin bayanka, daidai saman ƙugu. Ya shige sakwaf da sauran fili, ta yi maka tauri. Ya ƙi shiga sam, ta yi laushi. Mai jiki yana buƙatar tauri fiye da siriri. Mafi yawan katifun da ake sayarwa da sunan na masu ciwon baya guntayen soso ne aka niƙa aka manne da matsi, shi ya sa suke da nauyi da tauri. Suna daɗewa, amma ga mai kwanciyar gefe gara wadda aka ɗora mata soso mai laushi inci biyu a sama.

Soso ko sifirin?

Mai sifirin, wato murɗaɗɗun wayoyin ƙarfe masu lotsawa su dawo, ta fi shan iska, domin cikinta fili ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a bazarar Sakkwato ko Maiduguri. Iri biyu ce. Akwai wadda aka sarƙe sifirin ɗinta da waya ɗaya, idan miji ya juya matar ma sai ta ji. Akwai wadda kowane sifirin ke cikin 'yar jakarsa, ta fi tsada, ba ta kai motsi gefe. Dukkansu ba a naɗe su, ba a lanƙwasa su a ƙofa ko a saman mota, wayar gefen idan ta karye ba gyara. Akwai kuma wani irin soso mai bin surar jiki, yana da daɗin kwanciya amma yana riƙe zafi, ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki zai wahalar da mai shi.

Mene ne akwatin sifirin, kuma dole ne?

Akwati ne na katako da aka jera wa sifirin a ciki aka lulluɓe da yadi, tsayinsa wajen inci 9, ana ɗora katifa a kansa. A Amurka ya fi yawa, kuma an yi shi ne don katifa mai sifirin, ya riƙa raba nauyi da ita. Ba dole ba ne. Katifar soso ma ba ta son sa, ita wuri mai ƙarfi kuma shafaffe take so. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu ma babu sifirin a ciki, katako ne ko ƙarfe zalla.

Abin da ya zama dole shi ne a duba aikin kafinta. Sau da yawa ana zagin katifa alhali gadon ne mai laifi. Kafinta ya jera katako huɗu ko biyar a gado shida da shida don ya rage kuɗin kaya, soso ya riƙa zurmawa tsakaninsu, cikin shekara guda ta yi tudu da kwari. Tazarar da ke tsakanin katako da katako kada ta wuce inci uku. Duk gadon da faɗinsa ya kai ƙafa huɗu da rabi yana buƙatar dogon katako a tsakiya, daga kai zuwa ƙafa, da ƙafarsa da ke taɓa ƙasa. Idan falle ɗaya na katako aka shimfiɗa, a huda masa ƙofofi don iska. Wanda kuma ya sayi sabuwar katifa ya ɗora kan tsohon akwatin da ya lotsa, sabuwar za ta bi ramin tsohuwar.

In bar ledar da ta zo da ita?

A cire. Jikin mutum na fitar da gumi kowane dare, ledar kuwa ba ta rasa 'yar ɓula. Danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, da damina sai baƙin funfuna da wari. Gidan da ke da yara, a sayi rigar katifa wadda ruwa ba ya ratsawa, ana cirewa a wanke.

Yaro ya yi fitsari, me za a yi?

Kada a sheƙa ruwa, soso ne, zai shanye ya kai shi can ciki. A danna busasshen tawul a wurin har ya daina jiƙewa, dannawa ba gogewa ba. A haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi a yayyafa kaɗan, a sake tsanewa, a barbaɗa bekin soda a bar shi kamar awa takwas, a kaɗe. Sannan a jingine ta inda iska ke kaɗawa ko gaban fanka. Shanyawa a rana na 'yan awanni ba laifi, amma tsiraicin soso da ya daɗe a rana yana yin ruwan ɗorawa ya fara ɓarɓashi. Dutsen guga kuma kada ya kusance ta. Haka kyandir da maganin sauro mai hayaƙi, soso na kamawa da wuta da sauri kuma hayaƙinsa guba ne.

Sau nawa ake juya ta?

Duk wata uku a mayar da kai ƙafa. Idan fuska biyu gare ta, a kifa ta ma. Mai fuska ɗaya ba a kifawa. Katifar da ke ƙasa kan siminti ko tayil, a riƙa tayar da ita kowane mako ƙasan ya sha iska.

Kuɗin cizo ya shiga, sai a yar?

Ba lallai ba. Ba cikin soso yake zama ba, yana ɓuya ne a bakin ɗinki, ƙarƙashin tambari, da mahaɗar katakon gado. Alamarsa ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro. A kwance gadon gaba ɗaya, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗan, a wanke zanin gado da rigar filo da ruwan zafi, a bi ɗinkin katifa da buroshi mai tauri. Ƙwansa na ƙyanƙyashewa cikin kwana shida zuwa goma kuma yawancin magunguna ba sa kashe ƙwan, shi ya sa feshi ɗaya ba ya isa, sai an maimaita bayan mako biyu. Shanyawa kaɗai ba ta gamawa da shi, yana gudu ɓangaren da ke inuwa. Kada a zuba fiya-fiya a kan abin da za a kwanta, kuma kada a sa ƙwayar maganin ƙwarin hatsi a ɗakin kwana. Iskar da take fitarwa tana kashe mutane.

Yaushe za a san ta ƙare?

Mai kyau takan yi shekara bakwai zuwa goma. A cire zani, a gitta miƙaƙƙiyar sanda a kai, a auna zurfin ramin da ke ƙarƙashinta. Ya kai inci ɗaya da rabi ba kowa a kai, soson ya mutu, kuma ɗora wani siririn soso a sama ba zai tayar da shi ba. Kafin a tafi kasuwa, a sauke ta ƙasa a sake aunawa. Idan ramin ya ɓace, kafinta za a kira.