Ƙwayar ranar farko

Damina ta matso, ƴan biɗa sun fara dawowa gida, ni kuma na fara ganin abin da nake gani kowace shekara a gidan likitarmu nan Tawa. Shekaranjiya aka kawo mini wani saurayi a amalanken jaki, ya faɗi a bakin rijiya yana shure-shure, kumfa a baki, ya tauna harshensa har jini. Innarsa na kuka tana cewa iskokin bakin teku ne suka biyo shi. Ban yi musu da ita ba. Na sa hannu a aljihun wandonsa na zaro katin ƙwayar tramol, saura biyu, an rubuta miligiram 225 a jiki.

Da ya farfaɗo na ce, ƙanena, yaushe ka fara? Ya sunkuyar da kai ya ce, majo, ran da na sauka Akra.

Wannan amsar na gaji da jin ta. Wani ya ce Lome, wani Wagadugu, wani Tarabulus, amma ranar ɗaya ce, ranar sauka.

Na san yadda take, ba sai an ba ni labari ba. Ka bar Tawa ka bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ka ci fiye da kilomita 500 kafin ma ka ga Yamai, ƙasarku ba ta ƙare ba tukuna. Sai kwana da kwanaki a kujerar mota, jaka a cinya, ana sauke ku a kowace iyaka. Ka iso Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, ƙafa ta kumbura takalmi ya ƙi shiga, baya kamar an daka. Zafinsu ba irin namu ba ne, gumi ba ya bushewa a jiki. Sefar da ka ƙulle a ɗan tofi sai an canza ta zuwa sidi, Faransancin da ka tsinta a lakwal bai sayo maka ko ruwa. Ɗan garinku ya zo ya ja ka zuwa Nima ko Sabon Zango, ka ji Hausa a bakin mai koko da ƙosai, hankalinka ya ɗan kwanta. Aka nuna maka gefen tabarma a ɗakin da mutum takwas ke kwana, aka ce da asuba akwai motar albasar Galmi da za a sauke.

Nan ne ake miƙo maka hannu. "Haɗiye wannan da neskafe, maganin gajiya ne, kowa na sha."

Da wannan hannun nake faɗa. Kada ka karɓa. Ko yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, kada ka karɓa.

Tramol magani ne, ban ce ba magani ba ne. Dangin mofin ne, wato maganin ciwo mai ƙarfi, muna ba wanda aka yi wa aiki ko wanda ya karye, miligiram 50 ko 100, da takardar likita, na ƴan kwanaki. Ko a asibiti ba a wuce 400 a yini ga babban mutum. To kai da ka jefa 225 guda biyu kafin hantsi, cikinka babu komai sai ruwan kofi, ka riga ka tsallake. Shi ya sa kuke faɗuwa kamar masu farfaɗiya, shi ya sa wani ya kwanta barci numfashi ya yi ƙasa. Kuma gajiyar da kuke cewa yana cirewa tana nan daram, rufe mata baki kawai ya yi. Zazzaɓin sauro ma haka, ya kama ka, ƙwaya ta danne ciwon jiki, kana ta dako, ba za ka je awo ba sai ya hau kai.

Rabi ake farawa da shi, duk haka kuke gaya mini. Bayan wata guda rabi ba ya jin kira. Kafin azumi ya zagayo kana shan huɗu, ran da ba ka samu ba sai hamma, gumi, zawo, ƙashi na ciwo, barci ya ƙaurace. Kuɗin da ka bar mata da goyo don ka biɗo, mai tire ne ke cinye su. Haba samari! Kakanninku sun je Kumasi a ƙasa, da jakuna, sun ɗauko goro sun dawo, wace ƙwaya suka sha?

Ku kuma manyan da kuka daɗe a can, masu masauki, ku ji tsoron Allah. Yaro ya zo da amanar iyayensa, bai san gabas ba bai san yamma ba, duk abin da kuka ba shi haɗiyewa zai yi don kada a ce masa rago. Ku bar shi ya yi barcin kwana ɗaya mana, motar albasa ba ta ƙarewa. Iyaye ma ban ƙyale ku ba. Kuna haɗa masa ƙuli-ƙuli da garin rogo da dabino, ku kai shi wajen malam a yi addu'a, amma ba mai buɗe baki ya ce masa kada ka sha ƙwayar da ba likita ya ba ka ba. Wasu ma tun daga tashar nan suke sayen ta, a gaban idonku.

Ranar sauka ga abin yi, ba shi da yawa. Ka sha ruwa mai tsabta sosai, na leda ko na kwalba. Ka yi wanka, ka ci abinci mai zafi, ka kwanta ka ɗora ƙafafu bisa jakarka. In jiki na ciwo, farasitamol na 500 guda biyu daga farmasi, kada ka ƙara sai bayan awa 6. Ka tafi da gidan sauronka. In zazzaɓi ya zo, awo tukuna. Allurar shawara kuwa a yi ta a nan aƙalla kwana 10 kafin tafiya, allurar nake nufi, ba katin da ake saye ba.

In wani ya faɗi a gabanku, ku juya shi gefe, ku janye abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, ku kawo shi.

Wanda kuma ya riga ya shiga, kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki, wahalar za ta mayar da kai. A hankali ake ragewa. Ka zo mu zauna, ba zan kira jandarma ba, ba zan gaya wa surukanka ba. Ka taho da katin a aljihu in ga lambar da ke jiki, kuma ka faɗa mini gaskiyar guda nawa kake sha a yini.