Siraran bututai da girman bangon ƙwayoyin saiwa

Siraran bututai, waɗanda masana ke kira maikurotubul, wasu zarurruka ne masu rami a tsakiya da ke cikin ƙwayoyin halittar tsirrai da dabbobi. Kaurin kowanne kimanin nanomita 25 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma da furotin mai suna tubulin aka gina su. A saiwar shuka suna kwanciya dab da fatar ƙwayar ta ciki, kuma inda suka fuskanta yana da hannu wajen ko saiwa ta miƙe ta nutsa ƙasa, ko ta kumbura.

Yadda abin yake

Ƙwayar shuka cike take da ruwa, matsinsa kan fi na iskar tayar mota. Wannan matsi ko'ina yake turawa. Abin da ke hana ƙwayar dunƙulewa kamar ƙwallo shi ne bangonta, ƙarfin bangon kuwa yana cikin zaren selulos, sinadarin da kusan shi kaɗai ne a cikin audugar da ake nomawa a Zamfara. Idan zaren ya kewaye ƙwayar kamar igiyar da ake ɗaure rumbun zana da ita, ba ta da halin faɗaɗa, sai dai ta yi tsawo.

A bayan tsinin saiwa, inda ƙwayoyi ke saurin miƙewa, bututan suna jeruwa a gicciye, zaren selulos ma haka. Can sama kaɗan, wajen da gashin saiwa ke fitowa, sai su karkace, daga baya su bi tsawon saiwar, a daidai lokacin da miƙewa ke tsayawa.

Tarihin bincike

Hasashe ya riga gani. A 1962 Paul Green, wanda ke aiki da wani tsiron ruwa mai suna Nitella a Amurka, ya lura cewa sinadarin kolcisin yana hargitsa jerin zaren bango har ƙwayar ta kumbura. Ya ce lallai akwai wani abu a cikin ƙwayar da ke shata wa zaren hanya, alhali bai gan shi ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1963, Myron Ledbetter da Keith Porter suka hango bututan da madubin ilektaron, na'urar ganin ƙananan abubuwa, a cikin ƙwayoyin tsinin saiwa, a jere daidai da zaren bango. Abin da ya taimake su shi ne sabon sinadarin daskarar da nama, gulutaraldehaid, domin waɗanda ake amfani da su a da suna lalata bututan kafin a kai ga dubawa.

A 1974 wani masani mai suna Heath ya kawo ra'ayin cewa injinan saƙa selulos, wato wasu furotin da ke cikin fatar ƙwayar, suna bin bututan ne kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Wasu daga baya suka ce bututan shinge ne kawai, injinan na ratsawa tsakaninsu. An fi shekara 30 ana wannan ja-in-ja. A 2006 Paredez da Somerville da Ehrhardt suka liƙa wa injinan alama mai haske a Arabidopsis, wani ƙaramin tsiro da masana ke gwaji da shi, suka ɗauki hotonsu suna tafiya a kan layin bututan, nanomita ɗari uku da wani abu a minti guda. Ba a saiwa aka yi wannan gwaji ba, a karan jaririn tsiro ne, amma an ɗauke shi hujja ga duka biyun. A wajajen 2010 zuwa 2012 aka gano furotin CSI1, wanda ke haɗa injin da bututu.

Akwai kuma tsirran da aka samu da tawaya a tubulin, irin su lefty1 da lefty2, waɗanda bututansu ke kwanciya a karkace. Saiwarsu takan murɗe kamar igiya maimakon ta sauka sak.

Saɓani

A 2003 an ga saiwar mor1, wani Arabidopsis mai tawaya, ta kumbura bayan bututanta sun wargaje, duk da zaren bango yana nan a gicciye. Don haka wasu ke ganin aikin bututan ya wuce shata hanya kawai.

A gona

Iskar etilin, wadda tsiro ke fitarwa da kansa, tana juya bututan su bi tsawo, saiwa ta yi kauri ta rage sauka. Wani bincike na 2021 a kan shinkafa ya nuna cewa ƙasa mai tauri tana tare wannan iska a kewayen saiwa. Wannan na iya shafar fako da lakar fadama da ta daddale. Maganin ciyawa irin su fendimetalin, da ake fesawa kafin ciyawa ta tsiro, bututan yake wargazawa: in aka tuge ciyawar da ya kama, za a tarar da saiwarta gajera, bakinta a kumbure kamar kulki.