Waiwaye: Sunan gida da neman gwanin da zai ci zaɓe a Amurka

A farkon 2015 masu sharhi da yawa a Amurka sun riga sun yanke cewa zaɓen shugaban ƙasa na 2016 karawa ce tsakanin gidan Bush da gidan Clinton. Suna da hujja. Daga 1980 zuwa 2004 ba a yi zaɓe ko ɗaya ba sai da sunan ɗaya daga cikin gidajen biyu a takardar ƙuri'a, ko a kujerar shugaba ko ta mataimaki.

Gadon mulki tsohon abu ne a ƙasar, duk da an kafa ta ne kan ƙin sarauta. John Quincy Adams, ɗan shugaba na biyu, ya hau mulki a 1825 da ƙuri'ar majalisar wakilai, alhali Andrew Jackson ya fi shi ƙuri'un jama'a. Bayan shekara huɗu Jackson ya kayar da shi.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne John Kennedy. Mahaifinsa attajiri ne, tsohon jakadan Amurka a Ingila, kuma kuɗin gidan sun yi aiki sosai a 1960. Amma dattawan jam'iyyar Dimokurat na ɗar-ɗar, domin shi ɗan Katolika ne, kuma ba a taɓa zaɓen ɗan Katolika shugaba ba. Sai ya tafi jihar West Virginia, inda kusan kowa ɗan Furotesta ne, ya shiga garuruwan masu haƙar kwal, ya tsaya bakin ramuka yana gaisawa da ma'aikata idan sun tashi aiki. Ya doke abokin takararsa Hubert Humphrey a zaɓen fid da gwani na can. Sunan gida ya buɗe masa ƙofa, amma talakawan da ake tsoron za su guje shi ne suka kashe bakin masu shakka.

A wancan lokacin, zaɓen fid da gwani bai da ƙarfin da yake da shi yau, manyan jam'iyya ne ke riƙe da yawancin daliget. An ga haka ƙarara a 1968: aka harbe Robert Kennedy, ƙanin John, a daren da ya ci zaɓen fid da gwani na Kalifoniya, sannan taron jam'iyya a Chicago ya miƙa tuta ga Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, 'yan sanda na dukan masu zanga-zanga a waje. Richard Nixon na jam'iyyar Rifablikan ya ci zaɓe. Daga nan aka sauya doka, aka mayar da ikon hannun masu ƙuri'a. Gwanin farko da sabon tsarin ya fitar, George McGovern, jiha ɗaya tak ya ci a 1972. Tsoron maimaita irin wannan faɗuwa ya sa a 1982 jam'iyyar ta ware kujerun daliget na musamman ga gwamnoni da 'yan majalisa da shugabanninta, waɗanda ke da 'yancin mara wa wanda suka ga zai kai labari.

A nan matsalar take, a ganina. Idan dattijon jam'iyya ya ce wane ne zai iya cin zaɓe, galibi wanda ya sani yake nufi, wanda ya yi wa ubansa ko mijinta aiki, wanda masu ba da kuɗi suka saba da shi. Sanin suna da tarin kuɗi abubuwa ne da ake iya ƙirgawa tun kafin a jefa ƙuri'a, shi ya sa ake rikita su da farin jini.

A jam'iyyar Rifablikan, Jeb Bush, ɗan shugaba kuma ƙanin shugaba, ƙungiyar da ke goya masa baya ta tara sama da dala miliyan 100. Tun a 2013 mahaifiyarsa Barbara ta faɗa a talabijin cewa 'yan gidan Bush da aka yi sun isa haka. Yaƙin Iraƙi na wansa ya bi shi duk inda ya je, Donald Trump kuma ya mayar da sunan gidan abin gori. Ranar 20 ga Fabrairun 2016 ya janye bayan ya sha kaye a South Carolina, da daliget huɗu kacal.

Labarin Hillary Clinton ta Dimokurat, matar tsohon shugaba Bill Clinton, ya fi ciwo, domin an yi mata gargaɗi har sau biyu. A 2008 Barack Obama, wanda aka ce sunansa da launin fatarsa za su kayar da shi, ya ƙwace tutar daga hannunta, ya kuma ci zaɓe. A 2016 ɗaruruwan daliget na musamman sun yi mata mubaya'a tun kafin a fara, sai ga abokin takararta Bernie Sanders ya doke ta a zaɓen fid da gwani na Michigan da Wisconsin. Ba za a tauye mata haƙƙi ba: ta yi sanata, ta yi sakatariyar harkokin waje, ta ci fid da gwanin da ƙuri'un jama'a, a babban zaɓe kuma ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku. Amma waɗannan jihohi biyu da Pennsylvania ne suka kuɓuce mata da tazarar da ba ta kai 80,000 ba gaba ɗaya, kuma bayan ta karɓi tuta ba ta sake taka Wisconsin yaƙin neman zaɓe ba.

A 2018 jam'iyyar ta hana daliget na musamman jefa ƙuri'a a zagayen farko na taron fitar da gwani idan takarar ba ta riga ta rabu ba. Ikon dattawan ya ragu a takarda. Duk da haka, da Joe Biden ya janye a Yulin 2024, cikin 'yan kwanaki manyan jam'iyya da daliget suka haɗu kan Kamala Harris ba tare da an koma wa masu ƙuri'a ba, kuma jihohin nan uku sun sake komawa hannun Trump.