Rautar gida: alamomin tsufanta da zaɓen sabuwa

Rauta na'ura ce da ke karɓar intanet daga kamfanin sadarwa, ta raba wa wayoyi, kwamfutoci da talabijin na cikin gida ta hanyar Wi-Fi. A Sakkwato galibin rautocin gida masu cin layi ne. Ana sa musu sim na MTN, Airtel ko Glo, su jawo sabis daga turken sadarwa mafi kusa. Akwai kuma waɗanda ba su da ramin sim, sai an jona musu waya daga wata na'urar, kamar ta faiba ko ta tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Wannan bambanci shi ne abu na farko da mai saye zai tantance, domin a ido duk kamarsu ɗaya.

Alamomin tsufa

Rauta kan nuna gajiya ta hanyar mutuwa da tashi da kanta, yawan yanke wayoyi, ko ɗaukar zafin da hannu ba ya jurewa. Sai dai sau da yawa ba ita ce ta lalace ba, adaftarta ce. Yawancin rautoci na aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, kuma adaftar da ta sha ɗaukewa da dawowar wuta, ta sha janareta, takan daina ba da cikakken ƙarfi. Gwada wata adaftar mai lambobi iri ɗaya ya fi sauƙi a kan sayen sabuwar na'ura. Haka kuma idan sabis ne ya yi rauni a unguwa, sabuwar rauta ba za ta gyara komai ba. Ana gane haka ta sa sim ɗin a waya a daidai wurin da rautar take.

Tsufan da ya fi hatsari ba a ganin sa. Idan kamfanin da ya ƙera rauta ya daina sabunta manhajar cikinta, duk wata kafa da masu kutse suka gano za ta zauna a buɗe. Tsohon tsarin tsaron Wi-Fi mai suna WEP an daɗe da karya shi. Daga cikin tsare-tsaren da suka biyo bayansa, WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Rautar da ba ta kai WPA2 ba bai kamata a ci gaba da shiga asusun banki ta kanta ba, ko da tana aiki lafiya.

Zangunan Wi-Fi

Ƙa'idar Wi-Fi ta farko, wato IEEE 802.11, ta fito a 1997. A 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa sunayen zuwa lambobi: Wi-Fi 4 na 2009, Wi-Fi 5 na 2013, sai Wi-Fi 6 da aka fara tantance na'urorinsa a 2019, da Wi-Fi 7 a 2024. Amfanin Wi-Fi 6 ya fi bayyana a gida mai jama'a, inda wayoyi da yawa ke neman intanet lokaci guda. Babbar lambar da ake bugawa a jikin kwali kuwa, irin su AC1200, jimillar gudun zangunan rautar ce a ƙa'ida, wato mitocin rediyon da take aika sigina ta kansu, ba gudun da waya ɗaya za ta samu ba. Kuma rauta ba ta iya wuce abin da kamfanin sadarwa ya turo mata.

Ga mai cin layi, abin dubawa shi ne zangunan 4G da take kamawa. Kamfanonin Najeriya na amfani da B3, B7, B20 da B28, don haka rautar da aka ƙera domin kasuwar Amurka tana iya rasa wasunsu. Wadda aka rubuta wa Cat 4 iyakarta megabit 150 a daƙiƙa, Cat 6 kuma 300, saboda tana haɗa zango biyu a lokaci ɗaya. MTN ya buɗe 5G a 2022, Airtel a 2023, amma rautar 5G na da tsada, kuma ba ta da riba sai an tabbatar sabis ɗin ya iso unguwar mutum. Waɗanda kamfanonin layi ke sayarwa da araha galibi a kulle suke, ba sa karɓar sim ɗin wani kamfani. A garin da layin da ya yi ƙarfi a Arkilla kan iya yin sanyi a Mabera, wadda ba a kulle ba ta cancanci ƙarin kuɗinta. Yana da kyau kuma a nemi wadda Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da samfurinta.

Zafi, wuta da katanga

Nan ne Sakkwato ta bambanta. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki daga digiri 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, alhali daga Maris zuwa Mayu zafin garin kan haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano da ba shi da silin. Zafi na cinye kayan cikin na'ura a hankali, ƙurar hunturu kuma ta toshe ramukan shan iska. Saboda haka rauta mai faɗin jiki da ramuka da yawa ta fi ƙarama mai rufaffen jiki ƙarko. 'Yar MiFi, wato ƙaramar rautar aljihu mai batiri, da aka bari a caji dare da rana, za a ga murfin bayanta ya fara tasowa ya ƙi rufuwa: batirin ne ya kumbura, kuma wajibi ne a daina amfani da shi nan take. Rauta ba ta cin wuta sosai, don haka ƙaramin batirin ajiya na bolt 12 ko tsarin sola na gida kan riƙe ta awanni bayan an ɗauke wuta.

Tsarin gini ma na da tasiri. Zangon 2.4GHz ya fi tafiya nesa da ratsa katanga, na 5GHz ya fi gudu amma ba ya nisa, shi ya sa mai zango biyu ta fi dacewa. A gida mai zaure, tsakar gida da sassa daban-daban, katangar ƙasa mai kauri da ƙofofin ƙarfe kan tare sigina, ta yadda rautar da ke turakar maigida ba za ta isa sashen iyali ba. Yawan eriya ba ya maganin wannan. Abin da ke yi shi ne a ɗora ta a sama, a tsakiyar gida, cikin inuwa, ko a ja waya zuwa na'ura ta biyu a ɗaya sashen. Tsohuwar rautar, in tana da WPA2, takan iya wannan aiki.

Bayan saye

Ana fara canza kalmar sirrin shiga saitin rautar, wadda a na'urori da dama “admin” ce kawai, sannan ta Wi-Fi, a kuma kashe WPS, wato tsarin jona na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, wanda aka gano rauninsa tun 2011. Tsohuwar kuwa, kafin a sayar ko a bayar, a cire sim, a danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta da tsinke har fitilunta su mutu su dawo, domin goge sunan gida da kalmomin sirrin da ta adana.