Kula da Hanyar Sanyaya Injin Kwalekwale

Injin kwalekwale, wato wanda ake ratayawa a bayan jirgin ruwa, ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake zuƙa, ya zagaya da shi jikin silinda, sannan ya mayar da shi tare da hayaƙi. Saboda haka lafiyar injin tana rataye da irin ruwan da yake sha. A madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a Yamaltu/Deba, da ta Balanga, da ta Gubi kusa da Bauchi, babu gishirin da ke cin ƙarfe kamar a teku. Abokan gabar injin a nan su ne yashi da laka, sai kainuwa da leda da guntayen raga.

Yadda ruwa ke zagayawa

Ruwa yana shiga ne ta ƴan ƙofofi masu rariya a ƙafar injin, sama kaɗan da farfela. Daga nan sai famfo, wanda ke zaune a kan akwatin giya. Cikinsa akwai impela, wata roba mai fukafukai, galibi shida, da shaf ɗin injin, wato sandar da ke kai juyi zuwa farfela, ke juyawa a cikin kofin ƙarfe. Ba a tsakiyar kofin take zaune daidai ba: fukafukan suna miƙewa a gefe ɗaya su ja ruwa, su lanƙwashe a ɗaya gefen su tura shi cikin bututun da ya hau zuwa kan injin. A can sama akwai tamostat, mai tsare ruwa har sai injin ya ɗumama, yawanci tsakanin digiri 50 da 60, kuma adadin yana rubuce a jikinsa. Wani ɗan kaso na ruwan kuma yana tsartuwa waje ta ƙaramar ƙofa a ƙasan murfi. Wannan tsartuwa ita ce shaidar cewa famfo na aiki.

Abin da tsartuwa ke faɗa

Da zarar an tayar da inji, ido ya koma kan ƙofar nan. In ƴan daƙiƙu suka wuce ba ruwa, a kashe. Ba kullum famfo ke da laifi ba: injin da ya kwana biyu a jingine, zanzaro kan yi gini a ƙofar, ko laka ta bushe a ciki. Zaren kamun kifi mai kauri ya isa a zura a buɗe ta. Kada a sa ƙusa, tana huda tiyon da ke baya. Sai a ɗaga injin a duba rariya, don leda ɗaya tak tana iya toshe ta.

Ruwan da ke fita da ƙarfi in an ba da wuta amma ya koma ɗiga a silo, wato in an sassauta wuta, alamar fukafukai sun gaji ce. Akwai kuma tarko: a injuna da yawa ruwan tsartuwa yana rabuwa ne kafin tamostat, don haka ana iya ganinsa garau alhali kan injin na ƙuna. Kan da ke lafiya ana iya ɗora masa hannu na ɗan lokaci. Wanda fentinsa ya fara canza launi, ko ɗigon ruwa ke tafasa a kansa, ya wuce kima. Ba a watsa wa irin wannan ruwan sanyi, ƙarfen na iya tsagewa. A bar shi ya huce da kansa.

Canjin impela

Ruwa ne man shafawar impela. Tayar da inji a kan tudu "don a ji muryarsa", ko na rabin minti ne, yana ƙone bakin fukafukai, kuma wannan ɗabi'a kan kashe impela tun kafin ta tsufa. Kamfanoni irin su Yamaha suna ba da shawarar a duba ta duk awa 100 ko duk shekara, a canza ta a awa 300. Wannan lissafin ruwa mai tsabta ne. Injin da ke aiki kullum a jan ruwan damina, canji duk shekara ya fi masa.

Ana buƙatar sifana lamba 10 da 12 da 14, giris mai jure ruwa, da sabon saiti: impela, farantin da take zaune a kai, gaskit, da ɗan makulli mai siffar rabin wata da ke riƙe impela a jikin shaf. A zare hular fulogi tukuna. A kwance mahaɗin sandar giya, a ƙirga zagayen notinsa ko a yi masa alama, in ba haka ba giya ba za ta shiga daidai ba bayan an haɗa. Kusoshin da ke riƙe da ƙafar huɗu ne zuwa shida, kuma a wasu manyan injuna ɗaya yana ɓoye a ƙarƙashin ɗan fiffiken da ke saman farfela. In ƙafar ta ƙi saukowa, a nemi wannan kafin a ɗauki guduma.

Bayan an kwance kusoshi huɗu na gidan famfo, a zare shi ta saman shaf. A shimfiɗa tsumma a ƙasa, don makullin nan bai kai farce ba, in ya faɗa cikin yashi sai dai haƙuri. A ƙirga fukafukan tsohuwar impela. Duk wanda ya gutsure yana nan a wani wuri, a bututu ko a bakin tamostat, kuma in ba a ciro shi ba sabuwar impela ba za ta hana zafi ba. A shafa yatsa cikin kofi da kan faranti: in farce na maƙalewa a zanen da yashi ya yi, su ma a canza su, domin sabuwar roba a kan faranti mai kwari ba ta riƙe ruwa.

Wajen mayarwa, a liƙa makulli da ɗan giris, a zura impela, a shafa ruwan sabulu a kofi. Sai a danna gidan famfo a hankali ana juya shaf yadda hannun agogo ke tafiya, in ana kallonsa daga sama, har fukafukai su kwanta gefe guda. A ɗaure kusoshi kusurwa da kusurwa, ba tare da wuce gona da iri ba, don gidan roba ne a injuna da dama. A shafa giris a haƙoran shaf amma ban da ƙoƙon kansa, saboda giris a nan yana hana shi shiga har ƙarshe. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bututun ruwa: dole ya faɗa cikin robar bakin famfo yayin da ake ɗaga ƙafar.

Tunda an riga an sauke ƙafar, a leƙa man giya. In ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, galibi ta robar da ke ƙarƙashin famfo ko ta bayan farfela.

Tamostat

Gwajinsa ba wuya: a rataya shi da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Ya buɗe tun kafin ruwa ya tafasa, ya rufe in ya huce. Wasu makanikai kan cire shi su yar. Injin da ba tamostat ba ya kaiwa zafin aikinsa, fulogi na yin baƙi, mai na tafiya a banza.

Wanki, ratayi da ajiya

Bayan aiki a ruwa mai laka, a tsoma ƙafar injin a duro mai ruwa mai tsabta har ya rufe faffaɗan farantin da ke saman farfela, a bar shi a silo, giya a furi, kamar minti biyar zuwa goma. A gaɓa mai yashi kuwa, a kashe inji a ƙarasa da filafili.

Tsayin ratayi ma yana cikin lissafi. Farantin nan ya zo daidai da gindin jirgi, ko ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 25 ba. Injin gajeriyar ƙafa, mai inci 15, in aka rataya shi a katakon da ya dace da mai inci 20, iska zai riƙa zuƙa a duk igiyar ruwa. Wajen ajiya a tsayar da shi ruwan ciki ya tsiyaye. In dole sai an kwantar, kai ya fi farfela tudu, don kada ragowar ruwa ta bi hanyar hayaƙi ta shiga silinda.