Dokar Adalci ga Yara ta Amurka

Dokar Adalci ga Yara doka ce da Majalisar Dokokin Amurka ta zartar a 1986. A ƙarƙashinta gwamnatin tarayya ke bai wa jihohi tallafin kuɗi duk shekara domin gyara yadda ake bincike da shari'a kan cin zarafin yara da sakaci da su, musamman lalata da ƙananan yara da mutuwar da ake zargin cin zarafi ne sanadinta. Ta ɗoru ne a kan dokar CAPTA, wato dokar rigakafin cin zarafin yara da kula da waɗanda aka cuta, wadda Sanata Walter Mondale ya jagoranta, Shugaba Richard Nixon kuma ya sa mata hannu ranar 31 ga Janairu, 1974.

Abin da dokar ta zo magancewa shi ne wahalar da hukuma ke ƙara wa yaron da aka riga aka cuta. A da, yarinya 'yar shekara bakwai sai ta ba malamarta labari, ta maimaita wa ɗan sanda, ta sake wa likita, ga jami'ar walwala, ga lauya, kowa a ofishinsa da irin tambayarsa. Kafin a kai gaban alƙali ta gaji, maganarta ta soma cin karo, lauyan wanda ake tuhuma kuwa nan yake samun kafa. A 1985 mai gabatar da ƙara Bud Cramer ya buɗe wata cibiya a Huntsville ta jihar Alabama, inda ƙwararre ɗaya ke tattaunawa da yaro a ɗaki mai kama da na gida, sauran jami'ai na saurare daga wani ɗakin. Yawancin gyaran da tallafin ke ɗaukar nauyi irin wannan ne: horar da masu yi wa yara tambayoyi, haɗa hukumomi wuri guda, da sauya ƙa'idojin kotu. Ba a ware shi domin jinya ko rigakafi ba.

Kuɗin ba daga haraji suke fitowa ba. Ana ɗebo su ne daga asusun tallafa wa waɗanda aka yi wa laifi, wanda aka kafa a 1984, kuma tarar da kotunan tarayya ke cin masu laifi ce ke cika shi. Tun 2000 ana raba wa jihohi da yankuna dala miliyan 17 a shekara: kowa dala 50,000 tukuna, ragowar bisa yawan 'yan ƙasa da shekara 18. Ga ƙasa kamar Amurka wannan cikin cokali ne, amma sharaɗin da ke biye da shi ya fi kuɗin nauyi.

Jiha ba za ta karɓa ba sai ta kafa kwamitin da ya haɗa alƙalai, 'yan sanda, lauyoyin ɓangarorin biyu, likitoci, ma'aikatan kare yara da iyaye, wanda zai riƙa bitar tsarinta duk shekara uku. Gyaran da aka yi a 2010 ya ƙara kujera ga manyan da aka ci zarafinsu suna yara.